Firjin da ke “ɗan ja” da wanda ya yi tartsatsi: yadda za ka gano haɗewar waya da yoyon wuta a kayan gida

A daminar bara wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta aiko yaro ya kira ni, wai firizarta ta rage sanyi. Da na shiga, ba sanyin ne ya fara ɗaukar hankalina ba. Tsumma na gani an nannaɗe a hannun murfin, ga silifas an ajiye a gefe, duk wanda zai buɗe sai ya zura ƙafa a ciki tukuna. Na ce, “Hajiya, wannan tsumman fa?” Ta ce, “Ai tana ɗan ja ne, Malam, musamman in an yi ruwa. Ta fi wata uku a haka, mun saba.” Gidan da yara ƙanana, kuma ba takalmi suke yawo a kan siminti mai laima.

Da ƙara firizar nan ta yi, tartsatsi ya tashi, wutar gida ta ɗauke, da a ranar za a nemo mai gyara. Amma da yake shiru take aikinta, sai aka zauna da ita wata uku. Wannan ne ya sa nake son mu bambance matsalolin nan biyu, haɗewar waya da yoyon wuta, sosai, domin mutane duk “shot” suke ce musu, alhali ba hanyarsu ɗaya ba, ba kuma abu ɗaya ke kare mu daga gare su ba.

Wayoyi uku da aikin kowacce

Ka kwance filogi mai ƙafa uku ka duba. Akwai waya mai ɗauke da wuta, wadda masu gyara ke kira laif. A kebul ɗin kayan gida launin ƙasa-ƙasa take, a wayarin na bango kuwa yawanci ja. Akwai wayar komawa, nutral, shuɗiya a kebul, baƙa a tsohon tsarin bango. Ta ukun ita ce wayar ƙasa, atin, kore da rawaya ko kore zalla. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, shuɗiya ce nutral amma baƙa na iya zama mai wuta, saboda haka kada launi kaɗai ya zame maka hujja a gidan da ba ka san wanda ya ja wayarsa ba.

Wutar da ke zuwa soket a Najeriya kimanin bolt 230 ce. Tana fita ta laif, ta ratsa abin da zai ci ta, kamar elemen ɗin dutsen guga, wato wayar da ke ba shi zafi, ko koyil ɗin fanka, ta koma ta nutral. Wayar ƙasa kuwa a zaune take ba ta ɗaukar komai muddin lafiya lau ake. An ɗaure ta ne a jikin ƙarfen kayan, don ranar da wuta ta ɓalle ta taɓa jikin, ta sami hanyar da ta fi jikinka sauƙi. Shi ya sa ƙafar sama ta filogi ta fi sauran tsawo: ita ke fara shiga, ita ke ƙarshen fita.

Haɗewar waya

Haɗewa ita ce laif ta taɓa nutral kai tsaye, wuta ta yanke hanya ba ta bi ta cikin kayan ba. Lissafin mai sauƙi ne. Yawan wutar da ke gudana, wato amfiya, shi ne bolt a raba da turjiyar hanya, wadda ake aunawa da om. Dutsen guga mai wat 1,000 yana da turjiya kusan om 53, don haka amfiya 4 da ’yan kai yake ja. To, a ce wayoyin biyu sun haɗe, turjiyar hanyar gaba ɗaya ta koma rabin om. Ka raba 230 da rabi, ka sami amfiya 460, a cikin wayar da aka yi don ɗaukar 13 ko 20. Ga dalilin ƙarar, da tartsatsin, da baƙin da ke zama a bakin soket.

Fiyus da bireka saboda wannan aka yi su. Birekar da aka rubuta wa B16 tana faɗuwa nan take in wuta ta ninka amfiya 16 sau uku zuwa biyar, mai C kuwa sai ta ninka sau biyar zuwa goma. Fiyus kuma siririyar waya ce da aka yi don ta riga sauran narkewa. Duk wanda ya naɗe mataccen fiyus da takardar azurfar kwalin sigari, ko ya cusa ƙusa a gurbinsa, ya ɗauke wurin ƙonewa ne daga cikin filogi ya mayar da shi cikin silin.

Akwai wata ’yar uwarta da ake yawan rikita su, wato lodi ya yi yawa. Ka jona dutsen guga mai wat 1,200, da butar lantarki mai 2,000, da risho mai 1,500 a ekistenshin ɗaya, jimla 4,700 ke nan, kusan amfiya 20 a abin da iyakarsa 13. Babu wayar da ta haɗe, kaya ne ya fi ƙarfin jaki. Alamarsa ita ce bireka ba ta faɗuwa nan take, sai bayan mintuna, kuma in ka taɓa wayar za ka ji ta da ɗumi.

Yoyon wuta

Nan ne nake so a nutsu. Yoyo shi ne wuta ta bar hanyarta ta shiga jikin ƙarfen kayan, ko ruwa, ko bango mai laima, tana neman ƙasa. Robar da ke rufe waya ce ta tsage, ko ta narke, ko ɓera ya ci, ko laima da ƙura suka yi gada tsakanin waya da ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a aikin nan sau da yawa ƙadangaren na gaske ne, ko kyankyaso, ko gidan zanzaro a cikin akwatin jona waya.

Jikin mutum yana fara jin wuta tun kusan miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A wajen miliamfiya 10 zuwa 15 hannu yakan maƙale, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 zuwa sama numfashi da bugun zuciya suna cikin haɗari. Mutum mai jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, turjiyar jikinsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000, wanda a bolt 230 yake nufin miliamfiya 230. Wannan ya isa ya kashe babban mutum, amma ko rubu’in amfiya ɗaya bai kai ba. Bireka mai amfiya 20 ba za ta ko motsa ba. Bireka waya take tsaro kada ta kama da wuta, ba a yi ta don tsaron ranka ba.

Wani zai ce ai gidansa akwai atin. Madalla, amma a duba. Yawancin gidajenmu sandar ƙarfe mai rufin tagulla ake kafawa a ƙasa a ɗaure wayar atin a jikinta. A ce turjiyar sandar nan da ƙasa om 50 ce, kuma a busasshiyar ƙasar rani tana iya fin haka nesa. In laif ta taɓa jikin firji, amfiya 4 da rabi ne kawai za su bi ta ƙasa. Bireka na nan a tsaye, jikin firji kuma yana ɗauke da kusan cikakkiyar wuta yana jiran hannu.

Abin da ke kama irin wannan shi ne na’urar yanke yoyo. A jikinta za ka ga RCCB ko RCD, a kasuwa kuma yawanci ELCB ake ce mata. Aikinta kwatanta abin da ya fita ta laif da abin da ya dawo ta nutral. In an sami giɓi, ta san wuta ta bi wata hanya, ta yiwu ta jikin mutum, sai ta yanke cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. Wadda ke kare rai ita ce mai rubutun 30mA. Mai 100mA ko 300mA gobara take tsarewa. Za ka gane ta da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T. Iyakarta ɗaya da ya kamata a sani: wanda ya riƙe laif da nutral a lokaci guda, alhali bai taɓa ƙasa ba, a wurinta daidai yake da kwan fitila, ba za ta yanke ba.

Mataki na farko: ka saurari abin da ya faru

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka taɓa komai, je ka akwatin birekoki ka ga wacce ce ta faɗi, ka kuma tambayi mutanen gida me aka kunna a daidai lokacin. In an ji ƙara kuma bireka ta faɗi da kunna abu, haɗewa ce. In sai an jima, lodi ne. In mai maɓallin T ce ta faɗi, yoyo ne. In sai an yi ruwan sama, ka nufi fitilun waje, da injin jan ruwa, da duk soket ɗin da ke bango mai tsatsafo. In sai kayan ya ɗauki zafi, elemen ne ya fara tsagewa, yana buɗe baki in ya yi zafi ya rufe in ya huce.

Kada ka yi ta tura bireka sama tana dawowa. Kowace turawa a kan waya haɗaɗɗiya sabon tartsatsi ne a wurin da ba ka gani. Kada kuma ka yarda wani ya canja maka mai 16 da mai 32 wai don ta daina damunka. Girman bireka da kaurin waya yake tafiya: mai murabba’in milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, manyan kaya irin su risho da hitar banɗaki suna son 4 ko 6.

Mataki na biyu: ka ware mai laifi

Zare filogin duk abin da ke kan layin. Zarewa nake nufi, ba kashe makunni ba. Yawancin makunnan soket laif kaɗai suke yankewa, kuma in nutral ce ta taɓa jikin kayan, na’urar yanke yoyo za ta ci gaba da faɗuwa ko da makunni a kashe yake. Mutane da yawa sun sha wahala a nan.

Bayan ka zare komai, ɗaga birekar sau ɗaya. In ta sake faɗuwa babu komai a jone, matsalar a bango take ko a silin, kuma aikinka ya ƙare a nan, sai mai wayarin. In ta tsaya, to ɗaya daga cikin kayan ne. Za ka iya mayar da su ɗai-ɗai, kana ba kowanne ’yan mintuna, har ka kai ga wanda ya kayar da ita. Amma duk wanda ka ga baƙi a filoginsa, ko ka ji warin ƙuna, ko wanda aka ce yana ja, kada ka mayar da shi soket. Wannan da mita za a gwada shi.

Mataki na uku: ido da hanci

A abin da na gani, mafi yawan matsalolin a kebul da filogi suke, ba a cikin kayan ba. Bi kebul ɗin da yatsu daga farko zuwa ƙarshe, yana zare daga wuta. Wurare biyu ne suka fi mutuwa: inda ya shiga filogi da inda ya shiga jikin kayan, saboda nan yake lanƙwasa kullum. Nemi tsagewa, kumburi, wurin da ya yi tauri, tabon haƙorin ɓera, da inda aka taɓa jonawa aka naɗe da salatif ko leda. Buɗe filogin ka ga ko noti ya saki, ko silin tagulla ɗaya ya kauce yana leƙen maƙwabcinsa, ko an bar wayar kore a yanke ba a ɗaura ta ba. Roba mai ƙonewa a hankali wani lokaci ƙarni take yi kamar na kifi. In ɗaki yana wannan ƙarnin ba a dafa kifi ba, ka shinshina soket-soket.

Duba fiyus ma. Ƙananan kaya da ba su wuce wat 700 ba fiyus mai amfiya 3 ya dace da su, masu zafi irin su buta da dutsen guga mai 13, sai dai in kamfanin ya rubuta wani abu daban.

Mataki na huɗu: gwaji da mita

Testa mai ɗan haske ba ta isa ba. Tana iya kamawa a inda babu haɗari, tana iya yin shiru a inda akwai, musamman in kana tsaye a busasshen wuri ko cikin hasken rana. Ƙaramar mitar gwaji mai lambobi ita ce abokiyar aiki. Duk gwajin da zan faɗa ana yin sa ne kayan yana zare daga soket.

Juya mitar zuwa alamar Ω, a mafi ƙanƙantar mataki. Haɗa bakin wayoyinta biyu. Za ta nuna wani abu kamar 0.2 ko 0.4, wannan turjiyar wayoyin mitar ce, ka riƙe ta a ka don ka riƙa cirewa.

Gwaji na ɗaya, tsakanin ƙananan ƙafafun filogi biyu, makunnin kayan a kunne. Ga kayan zafi kana iya sanin amsar tun kafin ka auna: raba 52,900 da yawan wat ɗin da ke rubuce a jikinsa. Buta mai wat 2,000 za ta ba ka wajen om 26, dutsen guga mai 1,200 wajen 44. In ka ga kusan sifili, haɗewa ce. In mita ta nuna OL ko 1 a gefen hagu, hanya ta yanke: fiyus, ko kebul, ko elemen, ko makunnin zafi. Fanka takan nuna ɗaruruwan om. Talabijin, caja da sauran kayan da ke da allon lantarki a ciki lambarsu takan yi yawo ko ta yi sama sosai, wannan ba laifi ba ne. Sifili ne abin tsoro.

Gwaji na biyu shi ne na yoyo. Mayar da mitar mataki mafi girma, na megaom. Ɗora baki ɗaya a ƙafar laif, ɗayan a ƙarfen jikin kayan inda babu fenti, kamar kan noti. Maimaita da ƙafar nutral. Kada yatsunka su taɓa bakin ƙarfen, in ba haka ba jikinka za ka auna. Amsar da ake so ita ce OL. Ma’aunin da masu gwajin kaya ke bi shi ne kada turjiyar ta gaza megaom 1, wato om miliyan ɗaya, ga kayan da ke da jikin ƙarfe. In ka ga dubbai ko ɗaruruwa, wuta na zuba a jikin.

Gwaji na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Koma ƙaramin mataki, ka auna tsakanin doguwar ƙafar filogi da jikin ƙarfen. Nan kusan sifili ake so, ƙasa da om ɗaya. In OL ka gani, wayar ƙasa ta yanke, kayan ba shi da kariya ko da yau lafiyarsa ƙalau. Yayin kowane gwaji, ka sa wani ya riƙa lanƙwasa kebul ɗin a hankali. In lamba tana tsalle, karayar na ciki.

Kayan da ke da alamar murabba’i a cikin murabba’i rufi biyu gare su, ba su da wayar ƙasa tun daga kamfani, gwaji na uku bai shafe su ba.

Sai dai mitar nan da ɗan batir take aiki, ’yan bolt kaɗan take turawa. Akwai tsagewar da ba ta bayyana sai an matsa mata da wuta mai ƙarfi. Don haka in mita ta ce lafiya amma na’urar yanke yoyo tana faɗuwa duk sanda aka jona kayan, na’urar za ka gaskata. Kai shi wurin mai mega, wato mitar da ke tura bolt 500 don gwada rufin waya. Masu gyara kuma suna da dabarar kwan siris, inda ake sa kwan fitila mai zare a kan hanyar laif: in akwai haɗewa sai kwan ya haska fes maimakon a yi tartsatsi. Dabara ce mai kyau a teburin gyara, amma ba ta hana wuta jan mutum, kuma ban ba wanda bai koya ba shawarar haɗa ta a gida.

Inda kowane kaya ya fi ciwo

Dutsen guga kebul ɗinsa ne, a gindin mariƙi, ko inda aka naɗe shi a jikin ƙarfe tun bai huce ba. Canjin kebul ake yi gaba ɗaya da irin mai jure zafi, ba jona ba.

Hitar da ake tsomawa a bokiti ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ta tara komai: ruwa, jiƙaƙƙen hannu, banɗaki, ga araha. Wayar zafin tana cikin bututun ƙarfe ne, an cika tsakaninsu da farin gari mai hana wuta wucewa. In an kunna ta babu ruwa, ko gishirin ruwan rijiya ya ci bututun, sai ya tsage, ruwa ya shiga, bokitin gaba ɗaya ya zama laif. Ba a gyara ta, jefarwa ake. Ba a sa yatsa a ji ko ruwa ya yi zafi sai an zare filogi, kuma wannan doka ce da ya kamata kowane ɗan makarantar kwana da kowane almajiri mai aikin gida ya ji ta da baki.

Firji da firiza, a leƙa baya ta ƙasa, wurin kwamfireso, wato tukunyar injin da ke sa sanyi. Ɗumin wurin yana jawo ɓera da kyankyaso, ruwan narkewar ƙanƙara kuma yana ɗiga a kan wayoyi. Kwamfireso ƙafa uku gare shi. In mai gyara ya cire relay, wato ɗan makunnin da ke tayar da shi, ya auna ƙafafun biyu-biyu, ƙananan lambobi biyu in an haɗa su za su ba da babbar, kuma tsakanin kowace ƙafa da jikin tukunyar dole OL. In akwai hanya tsakanin ƙafa da jiki, kwamfireso ya tafi. Firjin da ba ya tara ƙanƙara yana da wata ’yar hita a ciki da ke kunna kanta bayan wasu sa’o’i. In ita ce ke yoyo, sai ka ga wuta na faɗuwa sau biyu ko uku a yini ba tare da an taɓa komai ba, har a fara zargin abin da ba shi ba.

Firizar Hajiya abu biyu ne suka haɗu mata. Ɓera ya ɓare laif a kusa da kwamfireso, wayar tana gogar ƙarfe mai tsatsa da laima. Sannan ekistenshin ɗin da aka jona ta, ramuka uku gare shi a fuska amma waya biyu ce a cikin kebul ɗinsa. Irinsa sun cika kasuwa. Kafin ka saya, ko bayan ka saya, auna tsakanin doguwar ƙafar filoginsa da ramin sama na kowane soket, in babu hanya to ramin ado ne.

Injin jan ruwa da hitar banɗaki, kada a yi amfani da su sam ba tare da atin da na’urar 30mA ba. In famfo ko shawa ta fara tsikarin hannu, a kashe layin a daina wanka a wurin har sai an gano dalili.

Akwai wani ɗan tsikari da ake ji a jikin kwamfutar tafi-da-gidanka ko dikoda, kamar ana jan yatsa a kan gashi. Yawanci wannan daga ƙananan kapasitocin tace wuta ne da ke cikin caja, kuma abin da suke zubarwa kaɗan ne ƙwarai. Amma saƙo ne cewa soket ɗin ba shi da atin, ko cajar jabu ce. A bincika.

Na’urar ɗumama abinci ta maikurowef da tsohuwar talabijin mai ƙeya, kada ka kwance su. Kapasitar maikurowef, wato abin da ke tara wuta a cikinta, tana aiki da wajen bolt 2,000, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare filogi. Iyakarka da su gwajin filogi daga waje.

Gidan kansa

Kayan da aka gyara in an mayar da shi soket marar atin, rabin aiki aka yi. Nemi mai wayarin da ya san aikinsa, in so samu ne mai takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda ke kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya. Ka ce ya nuna maka sandar atin da idonka, ya buɗe soket biyu ko uku ka ga koriyar waya a ɗaure, ya auna turjiyar sandar da na’ura, ba da kwan fitila kawai ba. A gidajen haya da yawa za ka tarar an ja waya biyu an bar ta uku don a rage kuɗi. Gishiri da gawayin da ake zubawa a ramin atin suna taimakawa da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, don haka bayan ’yan shekaru a tone a duba maɗaurin. Kada kuma a yarda da dabarar haɗa ramin atin da nutral a bayan soket. Ranar da nutral ta yanke a waje, ko aka juya wayoyin a fol, jikin duk kayan ƙarfen da ke gidan zai ɗauki wuta.

Ka sa a saka na’urar 30mA, aƙalla a layin soket, kicin, banɗaki da waje. In an saka ta fara faɗuwa, ba ita ce ta lalace ba, yoyon da kuka daɗe kuna zaune da shi ne ta gano, a nemo shi maimakon a tsallake ta. Danna maɓallin T duk wata uku, dole ta faɗi nan take. Ka gwada a wutar NEPA, ka kuma sa mai wayarin ya gwada ta da na’urarsa a kan janareta da inbata, domin ƙananan janaretoci da yawa nutral ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, kuma a haka na’urar na iya kasa ganin yoyo ko da maɓallinta yana aiki.

In abin ya riga ya faru

In kaya ya kama da wuta, babban makunni ko cenjoba za a fara kashewa. Ba a watsa ruwa a abin da ke jone. Busasshen yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar CO2, su ne na wannan.

In wuta ta riƙe mutum, kada ka kama shi, za ku zama biyu. Kashe makunni ko zare filogi. In ba za ka kai gare su ba, tsaya a busasshen katako ko tabarmar roba, ka ture shi ko wayar da busasshiyar taɓarya, muciya ko sandar tsintsiyar katako. In ba ya numfashi, ba fifita ko yayyafa ruwa yake buƙata ba. Kwantar da shi rigingine, ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin wajen santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota, kada a dakata har a kai ga ma’aikatan lafiya. Ko da ya miƙe ya ce ba komai, in ya suma, ko ya ƙone, ko yana jin ƙirjinsa wani iri, ko mace ce mai juna biyu, a kai asibiti a duba zuciya. Kafin ku fita, wani ya ɗauki filaya ya datse filogin kayan da ya ja shi, kada a dawo a tarar wani yaro ya mayar da shi soket.